Mai Share Wa Amarya Hanya

Wando na uku ke nan da saurayin ya kawo shagon ɗinkin Ratri cikin wata guda, kuma duk a gwiwa suke yagewa. Na farko da na biyu ta karɓa ta ɗinke ba tare da ta kalli fuskarsa ba. A na ukun ne ta ɗaga wandon, ta leƙo shi ta cikin ɓular. Dogo ne siriri, ya ɗaure gashinsa a ƙeya, yana murmushi irin na wanda ya san ya yi laifi.

"Mas, wai da gwiwa kake tafiya ne?" ta ce. A nan, Mas kamar a ce yaya ne.

"Wani lokacin har da kafaɗa," ya ce.

Dariya ta kuɓuce mata. Ita kanta sai da sautin ya ba ta mamaki, don tun rasuwar mahaifiyarta shekara biyu da suka wuce shagon nan bai ƙara jin dariya ba. Keken ɗinkin ma na marigayiyar ne.

Sunansa Jatmiko, ana ce masa Miko. Yana shekarar ƙarshe a makarantar fasaha ta nan birnin Solo, yana karatun rawar zamani, irin wadda ake yi ba takalmi, mutum ya zube ƙasa, ya mirgina, ya miƙe. Ranar da ya zo karɓar wandon ya tarar ta yi wa gwiwoyin faci biyu-biyu. Da yamma saƙonsa ya shigo, yana kiranta Dik, wato ƙanwa.

"Dik Ratri, facin ya yi ƙarfi da yawa. Yanzu da wane dalili zan riƙa zuwa shago?"

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Maɓalli ma yana cirewa, Mas."

Daga nan maɓallan rigunansa suka shiga cirewa ɗaya bayan ɗaya. Yakan zauna a bencin shago da shayi mai sukari, yana zura mata zare a allura. Yana kiranta 'Yar Allura, ita kuma ta ce masa Mai Yagaggen Wando.

Da ya gama makaranta, ya saka farar riga ya je gaishe da mahaifinta. Pak Wiryo, wato Baba Wiryo, makaɗi ne, shekara talatin yana riƙe da ganga a gidajen biki. Ya karɓi wayar Miko ya kalli wasansa na kammala karatu tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ajiye ta a tabarma.

"Ciwon ciki ne ya kama ka a wurin?"

"Rawa ce, Pak."

"Na yi wa masu rawa kiɗa tun ba a haife ka ba. Wannan birgima ce." Ya juya wajen 'yarsa. "Nduk, 'yata, ba zan zaɓa miki miji ba. Amma mutumin da ba shi da inda zai tafi da safe, ba zan ɗora hannunki a nasa ba. Ya samo aiki, wanda zan gani da idona."

A lokacin akwai wani Teguh, ma'aikacin ofishin gunduma, da ke zuwa duk Lahadi da kakinsa a goge da ledar lemu a hannu. Mutumin kirki ne, ba shi da aibu. Pak Wiryo yana son sa. Ratri takan kawo masa shayi ta koma ciki.

Miko ya shiga neman aiki. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Jakarta, inda wata ƙungiyar rawa ta tara mutum sittin ta ɗauki biyu. Wani otal ya ce yana son masu murmushi ne, ba masu faɗuwa ƙasa ba. Wata makaranta ta ce sai mai shekara uku yana koyarwa. Wasu ko amsa ba su ba shi ba. Duk lokacin da ya fito daga gwaji sai ya turo saƙo.

"'Yar Allura, yau ma ba a dace ba. Sun ce na iya, amma ba irina suke nema ba. Ni kuma irin nawa kaɗai gare ni."

"Irin naka nake so. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba."

"To ka ci, sannan ka yi baƙin cikin."

Wata bakwai ana haka. Ya rame, raha ta ragu. Sai kuma ya fara ɓacewa duk Asabar da Lahadi, waya a kashe, in ta tambaya ya ce wani ɗan aiki ne ya taso. Wata Litinin ya kawo riga a saka masa maɓalli. Tana juya ta sai ga jan-baki a wuyan rigar, ja wur. A aljihu kuma busasshen furen melati, farin furen nan da mata ke sakawa a gashi ranar biki.

Ta shimfiɗa rigar a kan keke. "Na wace ce?"

Ya kalli tabon. Kunnuwansa suka yi ja, ya sunkuyar da kai.

"Mas Miko, magana nake yi maka. Na wace ce?"

"Ba abin da kike zato ba ne, Dik."

"To mene ne?"

Ta naɗe rigar ta miƙa masa, maɓallin a saman, ba ta ɗinka ba. Bayan fitarsa ta kifa kai a kan keken. A irin wannan ranar ne mutum ke neman uwarsa, ya juya ya ga kujera kawai.

Kwana goma sha biyu yana turo saƙo, tana karantawa ba ta amsawa.

"Wallahi ba wata mace. Kunya ce kawai ta riƙe min baki. Ki ba ni lokaci kaɗan."

Ranar Lahadin da ta biyo, da ta kawo wa Teguh shayi, ta zauna har ya shanye. Mahaifinta ya lura.

Asabar ɗin gaba aka yi bikin 'yar Bu Lasmi, wato Mama Lasmi, wata maƙwabciyarsu da mijinta ya rasu bara, ita kuma ɓarin jikinta na hagu ya shanye bayan nan. Ratri ce ta ɗinka mata kayan biki, don haka ta je da allura da zare ko wani abu zai ɓalle. Pak Wiryo ne a kan ganga. An kawo wa Bu Lasmi keken marasa lafiya, ta ture shi.

"Uban yarinyar nan ba ya nan. Idan ni ma aka tura ni a keke, wa ya raka ta? Da ƙafata zan bi bayanta."

Da hantsi kiɗa ya tashi, aka jera. A gaba cucuk lampah, ɗan rawan da ke share wa ango da amarya hanya zuwa kujerarsu, fuska cike da hoda, baki ja wur, furen melati na reto a ƙugunsa. Aikin da 'yan makarantar fasaha ke yi wa dariya ke nan, suna cewa na masu ba baƙi dariya ne kafin a kawo abinci. Bayansa 'yan rakiya, sai ango da amarya, sai iyaye.

Taku uku ya yi Ratri ta gane Miko ne. Hoda ba ta ɓoye yadda mutum ke ɗaga kafaɗa. Ta kalli bakin nan ja, ta kalli furen, sai ta dafe ƙirji. Dariya da kuka suka taso mata tare, ta rasa wanda za ta bari ya fita.

Jerin bai kai rabin rumfa ba abu ya fara lalacewa. Kiɗan yana tafiya yadda aka saba, ango da amarya suna bin sa, Bu Lasmi kuwa tana jan ƙafa a baya, ƙanwarta na riƙe da ita. Tazara ta buɗe, taku biyar, taku bakwai. Mutane suka fara raɗa. Gumi ya jiƙe wa Bu Lasmi hoda, tana ta ƙoƙarin sauri, ƙafar ta ƙi. Amarya ba ta da damar waiwaye, amma kowa ya ga hankalinta yana baya.

Miko ya yi juyi ɗaya, ya hango. Sai ya sauke jikinsa ƙasa-ƙasa, ya miƙa ƙafa ɗaya gaba, ya janyo ɗayar a hankali a kan darduma kamar mai zana layi. Pak Wiryo ya doki ganga da ƙarfi, alamar yaro ka yi sauri. Ɗan rawan bai ƙara sauri ba. Ya dubi makaɗin ido cikin ido, ya karkata kai zuwa baya. Tsohon ya bi da kallo, ya ga Bu Lasmi.

Hannunsa ya tsaya a iska. Da ya sauko, a hankali ya sauko.

Sauran makaɗa suka bi ganga. Miko ya ɗauki takun Bu Lasmi ya mai da shi takun jerin gaba ɗaya: idan ta ɗaga ƙafa ya ɗaga, idan ta ja ya ja, hannuwansa na buɗewa sannu-sannu, har ya kai gwiwa ƙasa ya taso ba tare da an ga inda ya fara tashi ba. 'Yan rakiya suka kwaikwaye shi. Ango da amarya suka rage tafiya har uwar ta iso daf da bayan 'yarta. Wanda ya shigo a lokacin zai rantse haka aka tsara. Raɗa ta mutu. Bu Lasmi ta ɗaga kanta sama, ta kai 'yarta har kujera da ƙafarta.

Bayan an tashi cin abinci, Pak Wiryo ya zagaya bayan rumfa, Ratri na biye da shi. Ya tarar da ɗan rawan a kan kujerar roba yana goge fuska da tsumma.

"Kai yaro, ɗan gidan wa ne? Wa ya koya ma..." Maganar ta tsaya. Rabin fuskar ta fito.

Miko ya miƙe da sauri, ya rusuna. "Barka da rana, Pak."

"Kai ne?"

"Ni ne, Pak."

"Ina ka koyi wancan takun?"

"A birgimar nan, Pak."

Bu Darmi, mai shirya bukukuwan da ta ɗauko shi, ta taso da faranti a hannu. "Pak Wiryo, kada ka tsorata min yaro. Wata biyu yana min aiki a ɓoye kamar mai satar kaza. Daga Litinin na ɗauke shi dindindin, ya riƙa horar min da 'yan rawa, ranar biki ya shiga gaba."

Tsohon ya zauna a kujerar da Miko ya tashi. 

"Uwar Ratri ma haka ta ja ƙafa a shekararta ta ƙarshe," ya ce. "In za mu asibiti ni ne a gaba, ina waiwayowa ina ce mata ta yi sauri kada layi ya wuce mu. Ko sau ɗaya ban..." Ya goge ido da bayan hannu. "Ka gaya wa iyayenka su zo."

Ya tashi ya koma wajen gangarsa. Ratri ta matso, ta karɓi tsumman daga hannun Miko.

"Jan-bakinka ne ashe."

"Nawa ne. Shekara huɗu ina karatu, Dik. Na kasa buɗe baki in ce miki a nan na ƙare."

"Da ka faɗa min, da na zo na zauna a layin gaba." Ta goge masa gefen kunne inda hoda ta maƙale. "Kuma launin bai dace da kai ba ko kaɗan."

"Kin yafe min?"

"Kwana goma sha biyu ban yi barcin kirki ba. Sai na yi shawara."

"Har yaushe?"

"Na gama. Na yafe."

Teguh da ya ji labari ya daina zuwa, amma ranar ɗaurin aure ya halarta, ya yi musu fatan alheri.

Bayan ƙaramar Sallah aka yi bikin, a ƙofar gidan Pak Wiryo. A ranar bai taɓa ganga ba, ya zauna a kujerar uban amarya, kujerar gefensa kuma aka ajiye wa marigayiya matarsa fure. Ratri da Miko suka matso da gwiwa, kamar yadda ake yi, suka kifa kai a cinyarsa suna neman gafara da albarka. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan Miko.

"Na ba ka ita, ɗana. Ba ni da wata bayanta. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu tausayi. Allah ya sa ku tsufa tare, ku biyu, kada ɗaya ya daɗe shi kaɗai."

Duk rumfar ta amsa da amin. Ratri ta laluba a ƙasa ta kamo hannun mijinta, ta riƙe.