Dafaffen Ƙwai da Dalar Madam Khoo

Ƙarfe tara na safe Madam Khoo ta shiga ofishin 'yan sanda na George Town, ta ajiye dalar azurfa da tsohon jan ambulan a teburin Insifeto Rosnah.

"An canja min ita, 'yata. Tawa mahaifina ya ba ni ranar sabuwar shekara, shekara sittin tana cikin ambulan ɗin nan. Na ba Teoh mai kantin tsoffin kuɗi ya kai gidan tantancewa, suka ce launinta na jabu ne. Yanzu duk layinmu cewa ake na tsufa da damfara."

Rosnah ta fara da gidan tantancewar. Devaki, wadda ta duba dalar, ta juya ta a ƙarƙashin fitila.

"Launin gaskiya a hankali yake shiga azurfa, rawaya ya koma ja, ja ya koma shuɗi, yana kauce wa gindin haruffa. Wannan kuwa a sama ya kwanta kamar fenti, fuska biyu duk iri ɗaya."

"Me ke kawo haka?"

"Dafaffen ƙwai. A rufe su tare da dalar a gwangwani."

Rosnah ta buɗe ambulan ɗin. Shatin da'ira a gefe ɗaya kawai ya fito, ɗaya gefen kwali ne. Ke nan dalar da ta shekara sittin a ciki fuska ɗaya kawai za ta yi launi.

A kantinsa Teoh ya yi dariya.

"Ƙwai, ranki ya daɗe? Likita ya hana ni tun bara. Tsufa ne ya kama Anti Khoo."

Rosnah ta tsallaka shagon kofi da ke kallon kantin.

"Kawu, Teoh yana cin ƙwai?"

"Ci? Ɓata shi yake yi," in ji mai kofi. "Kowa a garin nan ruwa-ruwa yake shan ƙwai da gasasshen burodi. Shi kuwa mako guda cur yana sa ni in dafa masa shida su yi tauri kamar dutse, ya tafi da su. Na ce ko kadangare yake kiwo?"

Da rana aka dawo kantin Teoh da takardar izinin bincike. A bayan durowa aka sami gwangwani mai warin ƙwai, da wata dala naɗe a auduga. Fuska ɗaya launuka sun kwanta mata kamar wuyan tantabara, ɗayar fara tas.

Rosnah ta ɗora ta a kan shatin ambulan. Ta zauna daram.

Teoh ya zauna shi ma.

"Wani baƙo ya yi mata tayi mai tsoka," ya ce a hankali. "Na ɗauka Anti Khoo ba za ta gane ba."

Aka sa masa ankwa, aka bi da shi ta gaban shagon kofi.

Da Devaki ta buga wa dalar da aka gano hatimin gaskiya, Madam Khoo ta riƙo hannun Rosnah har tsakiyar shagon, ta ɗaga murya yadda duk layi zai ji.

"Ƙwai biyu ga 'yata. Ruwa-ruwa."