Makarantar Bayan Tasha

Takardu biyu ne a hannun Auta, hawaye na ɗiga a kansu. Duka na gurbin digiri na biyu ne a fannin akanta: ɗaya daga babbar jami'ar da sunanta kaɗai ke sama wa mutum aiki, ɗayar daga wata ƙaramar makaranta a bayan tashar mota, wadda kuɗinta bai kai rubu'in na waccan ba. Mahaifinta ya bar wasiyya a sayar da shagonsa ta yi karatu a babbar, shi ya sa ta durƙusa gaban Baffa, ƙanen marigayin.

"Wane shago?" in ji Baffa yana sakace haƙori. "Na sayar, na biya wa ɗana babbar jami'ar. Ke ta bayan tasha ce daidai ke."

"Baffa, dukiyar marainiya ce fa!"

"Tashi ki ba ni wuri!"

Wayyo Allah... Ta iso gida idanu sun kumbura. Umma ta rungume ta tana kuka. "In sayar da keken ɗinkina, Auta? Ki je inda babanki ya so."

"Ko zango ɗaya ba zai biya ba, Umma, sannan mu ci me?" Ta share fuska. Washegari ta leƙa ƙaramar makarantar: fanka a mace, benci na girgiɗi, amma malamin tsohon mai binciken kuɗi ne, kuma ɗalibansa bakwai cikin goma na cin jarrabawar ƙwararru. Ta dawo ta ce, "Jarrabawa ɗaya za mu zauna da 'yan babbar. Su sayi suna, ni zan sayi ilimi. Wallahi sai na yi!"

Kaico! Ashe wuyar na gaba. Baffa ya fitar da su daga ɗakinsu na gidan gado ya zuba 'yan haya. Ciwon ƙirji ya kwantar da Umma, Auta ta hau keken da kanta, littafi a buɗe gefen allura. Da ta nemi aiki a wani kamfani, manajan ya tuntsire da dariya. "Bayan tasha? Ai ba kwandasta muke nema ba!" Ta ɗauki takardarta. "Za ku neme ni," ta ce, sai da ta fita ta fashe da kuka... "Ya Allah, kai ne gatana!"

Bayan shekara biyu sakamakon jarrabawar ƙwararrun ya fito, Auta ce ta ɗaya. Ɗan Baffa kuwa an kama shi da satar amsa, aka kore shi. Ba a nan ta tsaya ba: ta nemo takardar cinikin shagon, ta duba ta yadda malaminta ya koya mata. Sa hannun mahaifinta ne a kai, amma kwanan watan ya nuna wata uku bayan rasuwarsa! Ta kai ƙara kotu kan sa hannun jabu, alƙali ya sa Baffa ya sayar da gidansa ya biya.

Ran nan ya zo ofishin da ta samu aiki, hula a hannu. "Auta, jini ɗaya muke..."

"Nawa hawayen na yafe, Baffa. Na Umma kuwa, ita za ka roƙa."

Da yamma ya durƙusa a ƙofar ɗakin Umma yana sallama. Sai da ta kai ƙarshen ɗinkin da ke gabanta, sannan ta amsa.