Karan Awon Sakinatu

Sakinatu na zaune a gindin turmi tana feƙe wani karan dawa da wuƙa, mijinta Bunyaminu ya fito daga ɗaki yana gyara zaman hula. Bazara ce, ta shekarar da ake ta zancen Turawa za su tattara su tafi. Cikinta wata huɗu ke nan, kuma shi ne na uku. Biyun farko duk sun kai wata tara, naƙuda ta yi tsawo, aka fito da su babu rai. Ungozoma ta gaya musu ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa in ba a kai yarinyar nan gaban likita da wuri ba, haka za a yi ta haihuwa ana binnewa. Likita mafi kusa da Tungar Namadi kuwa, ƙauyensu da ke bayan Ka'oje, yana tsallaken iyaka ne cikin Dahome, tafiyar mil ashirin da wani abu.

Dalilin sayen mota ke nan. Bunyaminu malamin gona ne, ya koyi tuƙi a motar ofis, kuma shekara uku yana tsimin ɗan albashinsa. Da abin ya ƙi kaiwa sai aka cika masa da kuɗin shinkafar gandu. Wannan cikon shi ya ba wansa Arzika baki a cikin maganar, Arzika kuwa ba ya samun baki ya bar shi a rufe.

"Malam, tsaya ka tahi da wanga," in ji Sakinatu, ta miƙa masa karan da hannu biyu.

Ya yi dariya. "Mota za ni saye, Sakina, ba akuya za ni kora ba."

"Na sani. Ka ga tsagar ga?" Ta nuna masa wata tsaga da ta ɗara gwiwa da taƙi guda. "Giginyar da ke bakin kwari, inda hanyar asibiti taƙ ƙetare, ruwan bara ya bar zane jikinta. Na tahi na auna daga rairai zuwa zanen. Watan haihuwata shi ne watan cikar ruwa, Malam. Duk motar da injinta bai wuce tsagar ga ba, don Allah kar ka saye ta. Ni ban san mota ba, amma na san ruwa."

Gaskiyarta. Ɗiyar masunta ce, a kwalekwale ta yi rarrafe. Ya karɓi karan, ya daɗe yana kallonta, ya ji ƙaunarta da tausayinta sun cika masa zuciya.

"Na yi miki alkawari," ya ce.

Ashe Inna Hajjo, uwarsa, tana bakin rumbu tana ji.

"Oho, yanzu ɗiyar masunta ce ka koya muna sayen mota. Da kara. To madalla." Ta karkaɗe faifan hannunta. "Ni dai na hwaɗi, kuma ban janye ba. Wanga cikin shi ne na ƙarshe da zan jira. In ya bi 'yan'uwanai, ta bi shi da kayanta."

Sakinatu ta sunkuyar da kai. Ta saba, amma sabo bai taɓa hana maganar yi mata zafi ba.

Da hantsi su Bunyaminu suka ƙetare kwarin a kan kekuna, babu ko ɗigon ruwa a cikinsa, yashi ne fari fat. A bakin iyaka suka sami Hamma dillali, wani Badende mai zaƙin baki, wanda ma'aikatan Faransa masu shirin komawa gida suka bar wa motocinsu ya sayar. Guda biyar ne a gindin tsamiya. Uku ko kusa da su aljihun Bunyaminu bai je ba, saura biyu.

Ɗaya akori-kura ce ta masu haƙar rijiya. Fenti ya gudu ya bar ta, an ɗaure ƙofarta guda da igiya, in an tashe ta tana tari kamar tsohon mai shan taba. Sai dai doguwa ce, yaro zai iya rarrafawa ta ƙarƙashinta bai goga kai ba. Ɗayar kuwa baƙar salun ce mai jajayen kujeru, har da rediyo, tana kwance a ƙasa tana ƙyalli. Kuɗinsu kusan ɗaya, kuma nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani.

Bunyaminu ya kwance karan daga jikin kekensa.

"Mi kaka yi da wanga?" in ji Arzika, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Awo zan yi, Yaya."

"Gaban mutane? Ka kunyata mu har ƙasar Faransa? A ce matatai ta aiko shi da kara?" Ya jawo shi gefe. "Ranar 'yancin kai duk Ka'oje za ta hito. Kana son a ga Inna bayan waccan jakar, zaune kamar buhun gyaɗa? Shinkahwar gidanmu ce cikin kuɗin ga, ba taka ɗai ba."

Hamma ya matso yana murmushi, ya shafi bayan salun ɗin. "Malam, wagga akawun kumandan ya hau ta. Mutum mai ofis irinka, ai ita ad daidai da kai."

"Ruwa hwa? In kwari ya cika?"

"Ruwa? Ka taka mata mai, ta wuce kamin ruwa ya san ta zo."

Bunyaminu ba wawa ba ne. Ko bai kanga karan ba, idonsa ya gaya masa gaskiya. Amma mutane sun taru, wani ma ya fara tambayar ko sandar makaho ce, shi kuwa tun yana yaro bai taɓa iya ce wa Arzika a'a ba. Ya buɗe akwatin bayan salun ɗin, ya cusa karan can ƙarƙashin tayar safaya, ya rufe. Aka yi ciniki, aka ɗora kekuna a sama.

Ranar nan Tungar Namadi ba wanda ya yi aikin kirki. Inna Hajjo ta shiga ta zauna a jar kujera, ta ƙi fitowa har aka kira la'asar. Sakinatu ta leƙo daga zaure, ta dubi motar sau ɗaya, ta koma ciki. Da Bunyaminu ya shigo ɗaki ta kawo masa ruwa, ta durƙusa.

"Malam, ka auna?"

"Na auna," ya ce, yana kallon cikin ƙwaryar. "Ta wuce."

"To, Allah shi sa albarka."

Damina ta sauka da ƙarfinta. Shinkafa ta yi kyau, cikin Sakinatu ya yi girma, Bunyaminu kuwa ya yi ta ramewa. Duk ruwan da aka yi sai ya hau keke ya je ya duba giginyar nan, ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Sau biyu yana buɗe baki zai gaya mata, kunya ta rufe masa shi. Ya koma roƙon Allah haihuwar ta jinkirta har ruwa ya janye.

Ba ta jinkirta ba. Ranar Asabar ɗin da aka karɓi mulki, da sanyin safiya, Arzika ya gama ɗaura wa motar 'yan tutoci masu kore da fari, Inna ta ci ado za a tafi Ka'oje, sai ungozoma ta fito daga ɗakin Sakinatu da sauri.

"A kai ta yanzu. Irin ta bara ce."

Aka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar ungozoma. Arzika ya shiga gaba yana ƙunƙunin an ɓata masa biki. Mil ukun da ke tsakaninsu da kwarin motar ta yi shi lafiya. Da suka iso, ruwa ja ne yana tafiya a hankali, zanen jikin giginya ko alamarsa babu.

"Taka mata mai," in ji Arzika. "Hakanan Hamma yac ce."

Bunyaminu ya taka. Ta shiga, ta kai tsakiya, ta yi tari biyu, ta yi shiru. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofofi. Ya murɗa makulli har yatsunsa suka yi ciwo. Suka fita suka tura, shi da Arzika, ruwa har cinya, tayoyin sai ƙara nutsewa suke cikin laka. Babu mai taimako, duk jama'a sun tafi kallon biki, daga nesa ana jiyo ganguna.

"Malam," Sakinatu ta kira shi da wata ƙaramar murya, "bari turin nan. Zo ka riƙe min hannu."

Ya zo ya riƙe, yana tsaye cikin ruwa ta taga. Bayan azahar ta haihu a kan jar kujerar nan. Namiji ne, cikakke, mai gashi baƙi wuluk. Ungozoma ta jijjiga shi, ta hura masa kunne, ta yi duk abin da ta sani. Bai yi kuka ba. Bunyaminu ne ya yi, a gaban wansa, bai ko rufe fuska ba.

Washegari mahaifin Sakinatu, Baba Usuman, ya zo da kwalekwale ya ɗauke 'yarsa zuwa tungarsu ta bakin kogin Kwara. Bai zagi kowa ba, bai kuma sha ruwan gidan ba. Motar sai bayan kwana shida aka jawo ta da shanu, aka yasar a ƙofar gida, tutocin sun zama ruwan ƙasa.

"To, ka gani," in ji Inna Hajjo ranar da aka kawo motar. Ita ma ta yi kukan jikan, amma baƙin cikinta mai neman wanda zai faɗa wa ne. "Hwarar ƙahwa gare ta. Ta ci 'ya'ya ukku, ta ci mota. Rubuta mata takarda."

Bunyaminu ya je ya ɓalle akwatin bayan motar, ya zaro karan daga cikin laka, ya goge shi da bakin rigarsa. Ya kafa shi a jikin motar a gaban uwarsa da wansa. Tsagar ta haye fitila, ta kusa kai saman bonet.

"Inna, ga awon da tab ba ni. Ni na ɓoye shi don kunyar mutane, na dawo na yi mata ƙarya. Yaya shaida ne." Arzika ya dubi ƙasa. "In akwai mai hwarar ƙahwa gidan ga, ni ne. Ki gahwarce ni, Inna, ban taɓa ƙetare maganarki ba, amma takarda ba ni rubuta ta."

Inna ta buɗe baki, ta dubi karan, ta shige ɗaki. Ba ta ce ta yarda ba, kuma har ta bar duniya ba ta ce ba.

Bunyaminu ya bi Sakinatu tungarsu, ya tarar da ita a bayan bukkar uwarta, ta fito daga wankan jego. Ba abin da ya kai wannan wanka ciwo, a dafa ruwa safe da yamma, a yi ta gasa jiki, goyo kuwa babu. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye karan tsakaninsu.

"Sakina, ban auna ba. Ƙarya na yi miki."

"Na sani, Malam. Tun ranar da motar taz zo na auna ta da ido."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

"Ka ce ka auna. In ƙaryata ka gaban Inna?" Hawaye suka zubo mata. "Kai ka ji kunyar Yaya, ni na ji taka. Yaron nan, kunyarmu ce ta binne shi."

Bunyaminu bai ce ta yafe masa ba, don ya san bai isa ya roƙa ba tukuna.

"Mota ta mutu, kuma ba ni da halin wata," ya ce daga baya. "Ban san ko Allah zai sake ba mu ba."

"Ni ma ban sani ba."

"In ya ba mu, tun da rani za mu ƙetare kwarin, da ƙahwa. In kama ɗaki kusa ga likita, mu zauna har ki sauka. Kowa ya so ya yi dariya."

Kunya ado ce, amma in ta kai ga rufe bakin gaskiya alhali rai na kan hanya, ta tashi daga ado ta zama laifi. Wanda kuma ya je sayen abin da iyalinsa za su dogara da shi, ya auna shi da buƙatarsu, ya bar masu kallo da idonsu. Su biyun nan sun koyi haka, sai dai sun biya da abin da ba a mayarwa.

Haƙurin Sakinatu bai dawo mata da ɗa ba. Abin da ya sama mata shi ne miji da ya iya tsayawa a gaban uwarsa da wansa ya faɗi gaskiya. Da ta yi arba'in ta dawo Tungar Namadi a ƙafa, shi yana gaba da ƙullin kayanta a kan keke. A ƙofar gida suka wuce baƙar motar, kaji sun riga sun fara ƙwai a jar kujera. Ba ta dube ta ba. Ta shiga ɗakinta, ta ɗauko karan daga cikin kaya, ta soke shi a jinka saman ƙofa, inda duk mai fita sai ya gan shi.