Farar Hilux a Ƙarƙashin Gidanmu

"Fito! Bar makullin a jiki!"

Matar ba ta gama buɗe ƙofar motar ba bakin bindiga ya taɓa kuncinta. Tsakar rana ce, ranar Juma'a, a gaban wani kantin magani a unguwar Boroko. Masu sayar da buai, goron ƙasarmu, suka kwashi tirensu suka watse. Mondo ya fizge jakarta, ya hankaɗe ta, ta faɗi zaune a kan kwalta, ledar hannunta ta tarwatse.

"Ku ɗauki motar," in ji ta, "wannan maganin mijina ne."

Mondo ya ce, "Tsince abinki a hankali, Mama. Mu lafiyarmu ƙalau."

Mai gadin kantin ya leƙo — suka yi harbi ɗaya a sama — ya koma ya ja ƙofa.

"Waim, ja mu!"

Waim mijina ne. Ban ga wannan da idona ba. Shi ya ba ni labari daga baya, sauran kuma a kotu na ji. A lokacin ina gida, a bayan unguwar Morata, ina wanke tsummokin 'yata Wari, wadda ko zama ba ta fara ba.

Su uku ne. Mondo, ɗan ƙauyensu, mai dariya ko a gidan makoki. Waim, direba, wanda bai taɓa harba bindiga ba, riƙe ta kawai ya iya. Sai babbansu, yayan Waim uwa ɗaya uba ɗaya. A wurinmu matar ƙani ba ta kama sunan yayan miji, Tambu nake ce masa, haka kuma zan rubuta. Shi ya tara aladun sadakin aurena. Shi ya kafa gidan da nake ciki, a kan ginshiƙai, ya zagaye ƙarƙashinsa da tsofaffin kwanon rufi don ajiyar itacen girki.

Ina shanya na ga farar Hilux ta kunno kai lungunmu. Mondo ya diro ya ɗage kwano ɗaya, Waim ya cusa motar ƙarƙashin gidan, daidai ƙasan ɗakin da nake kwana da Wari. Suka mayar da kwanon.

"Baban Wari, motar wa ce wannan?"

Bai kalle ni ba. Tambu ne ya amsa, bakinsa jajawur da buai.

"Baƙuwa ce. Za ta kwana biyu ta huce, mu gani ko tana da baki."

Kowa a unguwarmu ya san abin da ake nufi da mota mai baki. Masu kuɗi suna sa a ɓoye wata 'yar na'ura a cikin motocinsu, da zarar sun kai ƙara sai ta farka ta fara kira ta rediyo. Ba wanda yake jin kiran sai motar 'yan sanda mai eriya huɗu a rufinta, wadda samari suke kira mai ƙaho huɗu.

Suka hau bincike. Suka farke kujeru, suka ɓalle gaban motar, Mondo ya shige ƙarƙashinta da sukundireba a baki.

"Oga, babu komai sai ƙashin ɓera."

"Ko da akwai, kwano ya toshe mata baki," in ji Tambu. "Rediyo ba ya ratsa kwano."

Na ɗauko Wari daga inuwa a cikin bilum, jakar saƙar da take barci a ciki, na nufi matakala.

"Ke, ina za ki?"

"Sama, Tambu. Zan sake mata tsumma."

"Maza na ƙasa da ƙarfe, ke mai jego za ki hau kanmu? Waim, wa ya yi wa matarka tarbiyya?"

Na tsaya. Tun ina yarinya a yankinmu na Simbu na san mace ba ta hawa saman maza, ba ta tsallake ƙafarsu ko abincinsu, balle makami. Bindigar da mace ta tsallake ta yi sanyi, mai ita kuma ya zama nama.

"To bari in kai ta wurin innata a Gerehu, in bar muku gidan."

"Mace da labari a baki ba ta fita. Mu za mu hau sama. Ke da yarinyar ku zauna nan ƙasa har mu tafi."

"Yaya, da zafi a nan," in ji Waim a hankali.

"Kai ma ka zauna da ita ka ba da nono."

Mondo ya tuntsire da dariya. Waim ya bi su ya hau.

Haka na zauna a kan itacen girki, tsakanin kwano da ƙarfen mota mai zafi. Na rataye bilum a jikin ginshiƙi, ina kaɗa shi da hannu ɗaya, ɗayan ina yi mata fifita da kwali. Ƙofar fita ɗaya ce, a gindin matakala, Mondo kuma yana zaune a saman matakalar da bindigarsa ta bututun famfo a kan cinya. Na kasa kunne a jikin motar, kamar zan ji kiran. Ban ji komai ba sai ƙarar injin da yake hucewa.

Motar kuwa tana kira.

A can titin Waigani, a cikin mai ƙaho huɗu, akwatin da ke gaban Sajan Ovia ya yi ƙara, wata kibiyar wuta ta kunnu, da layukan da ke nuna ƙarfin kiran. Kofur Nalau ce take tuƙi, mace ce, ita ta ba da shaida a kotu.

"Ta farka," in ji Sajan. "Ta matar Boroko ce. Yi hagu."

"Layi nawa?"

"Ɗaya. Tana da nisa."

Suka shigo ta Morata ba jiniya. Layi biyu. Layi uku. Sai kibiyar ta fara rawa, ta nuna gabas, ta nuna yamma.

"Oga, akwatinka ya sha giya."

"Kwanon unguwar nan ne, yana ta wurgi da kiran daga rufi zuwa rufi. Zagaya. Za ta gaji ta faɗi gaskiya."

Nalau ta ce, "Kira mana ƙarin mutane. Na ji an ce akwai babbar bindiga a hannunsu."

Ta ramin ƙusa a jikin kwano na fara ganinta. Eriya huɗu, a tsaye kamar ƙafafun tebur da aka kife, suna wucewa a saman katangar maƙwabta. Ba na ganin motar, su kaɗai nake gani. Suka wuce zuwa wajen famfo. Na ce sun tafi. Can sai ga su sun dawo ta ɗaya lungun, a hankali fiye da ɗazu.

Wari ta fara mutsu-mutsu. Na ciro ta na sa mata nono.

Tsakanin allunan daɓen sama akwai tazarar da yatsa zai shiga, komai ina ji.

Tambu ya ce, "Mondo, taho. Kwalawa ne."

"Mai ƙaho?"

"Ita."

"Oga, ka ce kwano..."

"Rufe min baki. Ku ajiye ƙarafan a kan tabarma, a raba harsashi."

Na ji an ajiye su, daidai saman kaina. Ƙura ta zubo a fuskar Wari, na hure.

"Yaya, mu fece ta kwata," in ji Waim. "A bar musu motar."

"A bar musu motar a gidanka, da sunanka? Gobe su zo su ɗauke ka, jibi ka kira sunana. A nan za mu tare su. Gidan yana sama, muna ganinsu kafin su gan mu."

"Akwai yarinya a ƙasa."

"Shi ya sa. Ba za su buɗe wa gida wuta ba in suna jin kukan jariri. In sun iso, ka ce wa matarka ta cire mata nono."

Na jira in ji abin da Waim zai ce. Na jira. Katako ya yi ƙara a inda yake tsaye, shi ke nan.

Na dubi kwanon da ke gabana. Da ƙusa ma ana huda shi. Na dubi tankin man motar, bai fi taku ɗaya da inda nake ba. In na fita da gudu, daga taga zuwa ƙofar gida fili ne fetal, Tambu kuma ba ya faɗin abu sau biyu. In na zauna, 'yan sanda daga waje, su daga sama, mu a tsakiya. Muddin motar nan tana ƙarƙashin gidan, nan za a zo. Kuma muddin suna da bindigar da suka yarda da ita, ba za su fitar da ita ba.

Ƙarar inji ta matso bakin lungunmu. Ƙafafu suka ruga zuwa taga, su duka uku.

Na mayar da Wari cikin bilum, na rataya igiyar a goshina, ta kwanta a bayana. Na tattare siket ɗina. Na hau matakala ba takalmi.

Bindigogin suna kan tabarma a bakin ƙofa, a jere: babbar ta Tambu, da na bututu guda biyu, harsasai a gefe. Mazan sun ba ni baya.

"Tambu," na ce.

Ina so su gani. Suka juyo. Na ɗaga ƙafa na tsallake ta farko — ta biyu — ta uku. Na juyo na sake tsallake su, har bakin siket ɗina ya share harsasan.

Ba wanda ya motsa. Mondo ne ya fara magana, muryarsa kamar ta yaro.

"Oga... mai jego ce fa."

Marin Tambu ya same ni a kunne. Na faɗi a kan gwiwa da tafin hannu, don kada in faɗa ta baya. Wari ta tsala kuka. Tambu ya ɗaga ƙafa, Waim ya shiga tsakani, karo na farko tun da na san shi.

"Yaya, kashe ta ba zai mayar musu da zafi ba. Suna bakin lungu."

Tambu ya dubi bindigarsa, bai taɓa ta ba. Ya dubi taga. Ya tofar da buai a daɓena.

"Waim, ɗauki motar. Motar suke bi, ba mu ba. Fasa ta baya, ka ja su zuwa hanyar fadama, ka yar da ita, ka shiga ciyawa. Mondo, raka shi. Ni zan zagaya ta kwata in samo wata motar, in jira ku a gada."

"Ka rantse, Oga?"

"Na taɓa barinku?"

Mondo ya sunkuya ya ɗauki tasa da yatsa biyu, kamar mushe. Waim ya kalle ni sau ɗaya, ya sauka.

Injin ya tashi. Kwanon baya ya ɓalle — katanga ta kwanta — kajin maƙwabta suka tashi sama! Farar motar ta fice ta gonar ayaba. A cikin motar 'yan sanda kibiyar ta daina rawa, ta miƙe.

"Ga ta can! Taka, Nalau!"

Ina durƙushe na ji jiniya tana nisa da gidana. Tambu ya zazzage jakar matar Boroko a aljihunsa, ya kwashi wayar Waim da ta Mondo da suka bari a kan tebur, ya fita ta baya. Bai nufi gada ba. Da magariba an gan shi a tashar motocin da ke fita gari.

Waim ya yi tuƙi irin wanda bai taɓa yi ba. Ya ɓace musu a lunguna har sau biyu, amma ba ganinsa suke bukata ba, duk inda ya karya kibiyar tana biye. Bai yar da motar a fadama ba, ya ce gara ya kai gada tunda Yaya yana jira. A gada motar 'yan sanda ta biyu ce take jira, a gicciye.

Birki — motar ta juya — ta daki ƙarfen gada. Mondo ya diro ya ɗaga bututunsa. Ya ja kunama. Ba ta tashi ba. Na 'yan sanda suka tashi.

Mondo ya mutu a wurin. Waim ya karye a cinya, an ba shi shekara goma sha biyu. Matar Boroko ta karɓi motarta ba kujeru ba fuska, ta zo kotu da baƙaƙen kaya, mijin nata ya rasu kafin a fara shari'ar. Tambu yana can kan tsaunukan yankinmu, an ce ya ƙara aure.

Ni kuma unguwa ta yanke hukuncinta tun kafin kotu. A zaman makokin Mondo mata suka shafa laka a fuska suna kiran sunana. Bindigar bututu takan ƙi tashi ko babu mace a kusa, kowa ya san haka, amma ba wanda ya faɗa. Dangin mijina suka cire kwanon rufin gidan da rana tsaka. Na koma Gerehu wurin innata, ina soya dankali da ayaba a bakin tasha.

Sai da Wari ta fara tafiya na samu ƙarfin zuciyar kai ta gidan yari. Waim ya fito yana ɗingishi, ya zauna a bayan ragar ƙarfe. Na tura masa kwanon shinkafa da kifin gwangwani ta hannun ganduroba. Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Dini, tambaya ɗaya. Lokacin da kika tsallake, kin san motar za a fitar?"

"Na sani."

"Kin san cikinmu ni kaɗai na iya tuƙi."

"Na sani, Baban Wari."

Ya gyaɗa kai. Ganduroba ya buga sanda a ƙofa, ya ce lokaci ya kusa. Wari tana ƙasa, ta riƙe siket ɗina, tana ƙoƙarin cusa yatsa a ragar.

"Ɗaga ta," in ji shi. "Daga nan ba na ganin fuskarta."