Ɗiyar Mai Gawayi

Auta na tsugune bakin murhu tana fifita wuta, Baba ya faɗo gida ko sallama babu. Ko ruwan da Umma ta miƙa masa bai kalla ba, ya juya wajen Auta.

"Ki gaya wa yaron nan Mai Sola kada ya sake taka mini ƙofar gida. Maganar aurenku na janye ta."

Maficin ya suɓuce daga hannunta. Umma ce ta yi ƙarfin halin tambayar abin da ya faru. Ashe ɗazu a taron unguwa Mai Sola ya miƙe gaban manya, ya ce masu sare itatuwa suna ƙona gawayi na cikin masu jawo wannan zafi da ƙarancin ruwan sama. Bai kama suna ba, amma duk aka juyo ana kallon Baba, wanda tun kafin a haifi Auta da gawayi yake riƙe gidansa.

Abin da ya fi ci mata rai, ta san inda maganar ta samo asali. Tare da Mai Sola suka yi rajistar wani kwas na kyauta a intanet kan sauyin yanayi da ci gaba mai ɗorewa. In ya zo zance, a kan benci suke zama da waya ɗaya suna kallon bidiyon darasi. Ita ma ta yarda da abin da malaman ke faɗa. Sai dai ita ta san yadda tafin hannun Baba ya tsattsage.

Da Mai Sola ya kira ta a waya, sai ya dage shi fa gaskiya ya faɗa, bincike ne ya nuna.

"Gaskiya ce," in ji ta. "Amma ubana ka tozarta a bainar jama'a. Ka ce ya saki abin da yake ci da mu, ba ka nuna masa abin da zai kama ba."

Ta kashe wayar ta kifa kai a gwiwa.

Gidan ya yi nauyi. Baba ya daina amsa gaisuwarta sai da ka, har ya so karɓe wayar, Umma ta yi ta ba shi haƙuri. Auta kuwa ta ci gaba da kwas ɗin ita kaɗai, har ta iso darasin yin gawayi da ɓuntun shinkafa da karan masara. Ta samo tsohuwar ganga ta fara gwadawa a bayan kicin. Na farko ya ruguje a hannunta. Na gaba ya turnuƙe gidan da hayaƙi, Baba ya fito yana tari, ya ce wato har cikin gidansa aka biyo shi da izgili. Ta sha kuka ranar, washegari ta ƙara sitaci a kwaɓin ta sake.

Shi ma Mai Sola jikinsa ya yi sanyi. Kullum da safe sai ya bi ta rumfar Baba ya durƙusa ya gaida shi, ba a amsawa. Ya ƙera ɗan ƙarfen matse gawayin, ya aiko ta hannun Umma.

Wata rana motar da ke kawo wa Baba kaya ta dawo daga daji kusan fayau, direban ya ce itace ya yi nisa. Baba ya dawo da rana tsaka, ya zauna kusa da murhu. Tukunya na tafasa, hayaƙi babu. Ya ɗauki ɗaya daga cikin dunƙulen gawayin da Auta ta shanya, ya auna nauyinsa a hannu, ya karya ya sunsuna. Ya ɗago ya dubi Auta.

"Babu itace a ciki?"

"Ko reshe, Baba."

Ya tambayi wanda ya ƙera ƙarfen. Ta sunkuyar da kai. Ya gane, ya ce a gaya wa yaron ya zo.

Mai Sola ya zo ya durƙusa, ya ce bakinsa ne ya riga hankalinsa, a yafe masa. Baba ya bar shi a durƙushe har ƙafarsa ta sage, kafin ya tura masa kujera ya tambaye shi ganga nawa za a buƙata in rumfa za a cika.

Bayan damina aka ɗaura musu aure. Auta takan ce wa ƙawayenta karatun kyauta suka same shi, amma yadda ake kai shi gaban babba cikin ladabi da haƙuri, wannan sai da suka zubar da hawaye suka koya.