Furen Ɗakin Tsoho

Aikina bin gidaje ina yi wa marasa lafiya allura. Ranar dab da magariba na hau bene wajen wani tsoho da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ma ya mutu.

Ba abin da ya rage masa a duniya sai wata shuka mai yaɗo a tukunya, gefen gadonsa. Ta bi zare ta kewaye taga, fararen furanninta ba sa sakin ƙamshi sai rana ta faɗi. Tun yana da lafiya, kafin ya zuba mata ruwa sai ya yi sallama, kuma bai yarda ƙarfe ya taɓa ta.

Ɗansa ke jinyarsa, in ana kiran wannan jinya. Ban taɓa ganin mugun ɗa irinsa ba. Na tarar da shi riƙe da almakashi, wai ƙamshin na sa shi ciwon kai. Na roƙe shi ya kai tukunyar baranda, ya ce in tsaya a kan allurata. Sai da ya gyara wa uban matashin kai don ya gani sosai, sannan ya fara datsa.

Reshe bayan reshe. Farin ruwa kamar nono na ɗiga, har ya fantsamo mini a riga. Hawaye na gangarawa cikin kunnen tsoho, ɗan yana fito.

Sai ƙamshin ya taso. Mai nauyi, har ya toshe maƙogwaro.

Ƙofa ta rufe kanta.

A cikin tukunyar, jariri ya tsanyara kuka.

Wata murya ta mace, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Wa ya yanke wa ɗana hannu?"

Numfashi mai sanyi ya bi wuyana. Ana shinshina rigata, daidai inda ruwan ya ɗiga.

Na dubi tsoho. A hankali ya ɗauke idonsa daga kaina, ya ɗora kan ɗansa.

Aka sake ni. Ban san yadda na sauko benen ba, ihun ɗan tsohon dai na bina har titi.

Yanzu mutum biyu nake yi wa allura a ɗakin, wata maƙwabciya ke ba su abinci. Hannuwan ɗan sun bushe, ba ya ko juyawa. Shukar ta sake tohowa, ta bar zaren taga ta bi ƙafar gadonsa. Jiya na ga reshen ya zagaye masa wuya, ɗan yana roƙona da ido. Na kai hannu zan janye.

Tsohon da ban taɓa jin muryarsa ba ya ce, "Bar shi, 'yata. Ya kusa fure."