Kwalbar Da Ta Tare Farashin Gero

"Cire shi, Yasir."

Ramlat ta miƙa masa wayar har tana neman taɓa hancinsa. A zauren gidan yayarta da ke Batsari suke, inda yakan same ta duk ranar kasuwa in ta kawo man gyaɗa daga Safana.

"Ranki ya daɗe, ko gaisawa ba mu yi ba..."

"Yau babu gaisuwa. Duba."

Ya duba, wai har da murmushi. Shafinsa ne na intanet, inda 'yan kasuwa ke leƙa farashin hatsi da na dabbobi, kwanan nan ya sake masa fasali. A da kana buɗewa farashin gero ne zai tarbe ka. Yanzu kuwa kwalbar man Ramlat ce ke faɗowa ta cike fuskar waya, an rubuta a ƙasanta: "Man Ramlat, daga hannun da babu irinsa." Wurin da za ka danna ka rufe ta kuwa, sai mai ido.

"Kyauta na yi miki, zuciyata."

"Kyauta? Baba ya so duba farashi a gaban abokansa, ya danna, ya danna, kwalbata sai ƙara buɗewa take. Alhaji Mamman ya ce, 'Daudu, ce wa 'yarka ta matsa mu wuce.' Rumfa duka aka kwashe da dariya."

Murmushin ya fara gudu.

"Ga Rashida mai turaren wuta, da ka tura tallanta can ƙasa, tana ta yawo da mu a gari, wai an yi baiko a intanet manya ba su sani ba." Ta kawar da kai. "Baba ya ce kada kawunnanka su wahalar da kansu ranar Juma'a. Wai wanda ya riga ya yi shela a kasuwa, me zai zo tambaya a zaure?"

Yasir ya zauna daɓas a kan benci.

Ta so ta ci gaba da faɗa, wallahi ta so, amma yadda ya yi tsuru-tsuru sai tausayi ya kama ta. Tana son wannan bawan Allah, har da wautarsa.

"Ba ni da fuskar da zan yi masa maganarki," ya ce a hankali.

"Wa ya ce ka yi maganata? Ka je a matsayin mai shafi, ka tambaye shi abin da ya gani. Baba ya fi son a nemi ra'ayinsa a kan a ba shi tsire."

Bayan azahar ta laɓe a rumfar masu tasoshi, tana juya wani kwanon da ba ta da niyyar saye, kunnenta na rumfar hatsi inda babanta ke zaune. Yasir ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da kasuwa, Malam Daudu na amsawa yana kallon buhu.

"Baba, shafin nan ne na zo a faɗa mini laifinsa."

"Laifinsa?" Malam Daudu ya gyara zama. "Kana da lokaci?"

Ai kuwa ya samu abin da yake so. Rubutun ya yi ƙanana, sai ka ce don yara aka yi. Farashin awaki an ɓoye shi bayan wasu 'yan layuka a kusurwa, wa ya yi wa mutane wahayi su danna can? Hotuna na shanye data kafin mutum ya ga kuɗin dawa. Alhaji Mamman ya sa baki, mai awo ya sa baki, Yasir na ta "To, Baba," yana gyara abin da zai gyaru nan take.

"Sai tallan nan," in ji Malam Daudu. "Talla a gefen hanya ake kasa ta, ba a tsakiya ba. A mayar da su ƙasa, kowa da layinsa, har da 'yar turaren nan. Kuma hannun 'yar mutane ba kayan talla ba ne."

"Na tuba, Baba. Na cire."

Ramlat ta ji kamar ta nutse. Shi ke nan, an gyara shafi, ita kuma an bar ta a inda take.

Malam Daudu ya karɓi wayar, ya ja sama, ya ja ƙasa, ya ɓata fuska.

"Har yanzu da saura. Ina wurin sanarwar ɗaurin aure?"

"Babu shi, Baba."

"To, a sa. Da manyan haruffa, yadda Mamman zai gani ba sai ya nemi tabarau ba. Bayan kaka zan buƙace shi." Ya miƙa masa wayar ba tare da ya dube shi ba. "Ka ce wa kawunnan naka su zo da wuri, ni ba na son jira."

Kwanon ya suɓuce daga hannun Ramlat, ya yi ƙara a ƙasa.

Malam Daudu bai ko waiwayo ba.

"Ke kuma da ke laɓe, wuce gida."